Hotunan kwastomomi sun warwatsu a asusu biyar, ta yaya zan haɗa su wuri guda?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Sana'ata ɗaukar hoton biki, kuma ma'ajiyar intanet ta rikice mini. Ina da Gmail uku, kowanne da 15GB na kyauta, ga OneDrive mai 5GB, ga Dropbox mai 2GB da ya cika tun tuni. Amarya ta kira tana neman hotunan kamu, sai in yi ta fita wannan ina shiga wancan, ita kuma tana kan layi tana jira.

Abin da nake so shi ne in gan su duka a fuska ɗaya, in kwashe fayil daga Google Drive (ma'ajiyar Gmail ɗin) zuwa OneDrive ba tare da na sauke shi ba. Na gwada rclone, wata manhajar kwashe fayil tsakanin ma'ajiyoyi, a kwamfuta, yana aiki, amma fayil ɗin ta kwamfutata yake bi, data ta tafi sau biyu. An ce masu MultCloud, wani shafin haɗa ma'ajiyoyi wuri guda, a nasu ɓangaren suke kwashewa, sai dai dole in ba su izinin shiga asusuna, kuma hotunan matan mutane ne, amana ce.

Wanda ya taɓa amfani da MultCloud, za a iya janye izinin bayan an gama? Ko in haƙura in sayi ma'ajiya ɗaya babba? Allah ya saka da alheri.