"Ruwan ƙanƙara" ya isa, ko a nemo wata kalma?

Ɗan Kawo: Salamu alaikum. Ina fassara wani labari kan kogin Dijla da Furat. A watannin Afrilu da Mayu suke cika su batse, galibi saboda dusar ƙanƙarar duwatsun gabashin Turkiyya ta narke ta gangaro. Wannan ruwan na kira shi "ruwan ƙanƙara", edita ya ja masa jan biro. Ni dai har yanzu ina kan bakana.

'Yar Unguwar Rimi: Wa alaikumus salam. Gaskiyar edita ce. Je ka Kasuwar Barci da rana tsaka ka ce a ba ka ruwan ƙanƙara, yaro zai buɗe kula ya miƙo maka fiya wata mai raɓa a jiki.

Ɗan Kawo: Haba Anti, mai karatu ai ba yaro ba ne. Jimlar za ta nuna masa.

Malamin Tudun Wada: Ba ta nan kaɗai ta ɓaci ba. Manomi in ya ce an yi ruwan ƙanƙara, nufinsa ƙanƙara ta zubo daga sama kamar tsakuwa ta yayyaga ganyen masara, irin wadda ake yi a Jos. Kalma ɗaya da kaya biyu a kai, ka ɗora mata na uku?

Kawu na Rigasa: Ku yara, ita kanta "dusar ƙanƙara" kwatance ce. Mutanenmu sun ga abu fari yana zuba kamar dusar da ake ba akuya, suka laƙa masa suna, ya zauna. Ku ce "malalen dusar ƙanƙara".

'Yar Unguwar Rimi: Kawu, a gafarce ni, malala ai a hankali ruwa ke yi a fili. Wannan kuwa daga kan dutse yake kwararowa, har ya ci gada.

Malamin Tudun Wada: Kada dai a ce ambaliya. Kogin Kaduna kan yi ambaliya a Agusta da Satumba, ita kuwa ɓarna ce. Wancan ruwan shi manoman Iraƙi ke ban-ruwa da shi, haka na Pakistan da kogin Indus. Ni "narkakkiyar dusar ƙanƙara" na zaɓa.

Ɗan Kawo: Malam, kalma uku a kanun labari? Wurin ba zai ɗauka ba.

Kawu na Rigasa: To ka rage sunan kogin ɗaya mana.