Kibiyata na karkacewa, a taimaka

Dan Agege: Salam yan uwa, na sayi bakan zamani mai tayoyi, amma in na harba kibiya sai ta rika wutsil-wutsil a iska, abin na damuna wallahi.

Baban Idi-Araba: Wa alaikassalam kanina. Rataya takarda, tsaya kamar mita 2 ka harba ta cikinta, in gindin kibiyar ya yaga sama da inda tsininta ya shiga to sauke wurin makala ta a tsirkiya kadan kadan har ramin ya fito daidai, kar kai gaggawa.

Na Mile 12: Duba kibiyar ma, in ta yi wa karfin bakan laushi dole ta lankwashe. Fam nawa kake ja, wato nauyin jan tsirkiyar?

Dan Agege: 60 ne yallabai, gobe zan gwada takardar insha Allah.