Mayar da tsofaffin silaid zuwa hoton dijital da kyamara a gida: ina kuskuren yake?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masana. Akwai silaid (ƙananan hotunan fim da ake haskawa a majigi) na fim ɗin 35mm kusan 400 a cikin firam na kwali, wasu na fim samfurin Kodachrome, wasu na Ektachrome. Kayan aikin da ke hannu: kyamara mai sensa (ɓangaren da ke kama hoto) girman APS-C ta megafiksel 24, gilashin kyamara (lens) na 50mm na yau da kullum, ƙafar kyamara, da allon tablet da ke haskowa daga bayan silaid. Matsaloli uku ne. Gefe ɗaya na hoton yana fitowa dishi-dishi. Sararin sama yana fitowa da wata raga-raga. Wuraren inuwa kuma baƙi ƙirin, alhali a majigi ana ganin komai a cikinsu. Dole sai an sayi sikana ke nan?

Amsa ta 1:

Wa alaikumus salam. Malam, ba sai ka sayi sikana ba. Hoton silaid milimita 36 ne da 24. Fiksel 6000 da ke faɗin sensar kyamararka idan suka shimfiɗu a kan milimita 36, ya haura ɗigo 4,200 a inci ɗaya, sikanonin fim irin Nikon Coolscan kuwa 4,000 suke bayarwa. Kyamarar ta isa, saitin ne da gyara.

Dushewar gefe ɗaya alama ce cewa fuskar sensa da fuskar fim ba su daidaita ba. A wannan kusancin, zurfin da ke fitowa tar bai kai milimita ɗaya ba, karkata kaɗan ta isa ta ɓata gefe. Ka juya kyamara ta kalli ƙasa, ka ɗora ƙaramin madubi a daidai inda silaid zai zauna, ka duba allon kyamara. Ka yi ta gyara kan ƙafar har sai hoton gilashin kyamarar ya zauna cif a tsakiyar allo. Daga nan ka ɗaure komai, kada ka sake taɓawa.

Sai gilashi. Faɗin sensarka kusan milimita 23.5 ne, don haka kana bukatar girmamawa ta kusan 0.65 kafin silaid ya cika hoto, kuma gilashin 50mm shi kaɗai ba ya kaiwa nan. Zoben ƙari da ake sawa tsakanin kyamara da gilashi zai kai ka: a saitin da ke zuwa da 12, 20 da 36, haɗa 12 da 20, milimita 32 ke nan, ya yi daidai. Amma kusurwoyi huɗu za su ɗan yi laushi, domin ba a ƙera irin wannan gilashin don abu shimfiɗaɗɗe a kusa ba. Ga silaid 400, gara gilashin makro na gaske, wato wanda aka ƙera don ɗaukar abu daf da daf, ko tsoho mai saitin hannu na 55mm ko 60mm. Fokas ɗin atomatik ba shi da amfani a nan.

Ƙofar haske f/5.6 zuwa f/8. Kada ka matse ta zuwa f/16 da nufin ƙara zurfi: a wannan kusancin f/8 tana aiki ne kamar f/13, abin da ya wuce haka sai hoton gaba ɗaya ya yi laushi. Sa ISO (saurin kama haske na sensa) mafi ƙasa, ka ɗauka a RAW (ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba), ka kashe na'urar hana girgiza, ka sa jinkirin daƙiƙa 2. Wajen fokas, ka girmama allo sau 10, ka saita a kan tsabar fim ɗin kanta, ba a kan fuskar mutumin da ke hoton ba.

Amsa ta 2:

Ragar nan fiksel ɗin allon tablet ne, kyamara na hango su ta cikin fim. Ɗaga silaid sama da allon kamar santimita 5 zuwa 8 za su narke. Amma ni ban yarda da allon tablet ba ko da an ɗaga. Haskensa ja da kore da shuɗi ne aka haɗa, kuma ba shi da ƙarfi sosai. A nemi faifan fitilar LED mai lambar CRI (ma'aunin fitar da launi daidai) 95 ko sama, farinsa tsakanin 5000K da 5600K, da farar roba mai watsa haske a kansa. A ƙure haskensa, domin wasu fitilun idan an rage su ƙyaftawa suke yi da sauri, sai layuka su bayyana a hoto. Saurin ɗauka na 1/30 na daƙiƙa ko wanda ya fi shi jinkiri yana kawar da wannan.

Batun inuwa shi ne mai wuya. Inuwar silaid ta fi ta nagatif duhu nesa ba kusa ba, musamman a fim ɗin Kodachrome da na Velvia. Abu na farko da ke kashe inuwa ba ƙarancin haske ba ne, hasken da ke tserewa ta gefen firam ya bugi gilashi ne. Sai baƙi ya koma toka-toka, ƙananan abubuwan da ke cikinsa su ɓace. Yanke baƙin kwali da taga daidai girman silaid, ka rufe sauran faifan gaba ɗaya, ka kashe fitilar ɗaki, ka sa bututun baƙar takarda daga gilashi zuwa silaid.

Bayan haka ka ƙara haske har wuri mafi fari a hoton ya kusa ƙonewa amma bai ƙone ba, sannan ka ɗago inuwa a manhaja. Silaid ɗin da ya gagara, ɗauki uku: ɗaya daidai, ɗaya da aka rage masa haske mataki 2, ɗaya da aka ƙara masa mataki 2, ka haɗa su. Ba kowanne ke bukatar haka ba, kada ka ninka wa kanka aiki.

Kafin ka fara, ɗauki hoton faifan babu silaid. Da shi za ka saita fari sau ɗaya ga duka, kuma zai nuna maka idan haske bai bazu daidai ba.

Amsa ta 3:

Ƙari kan ƙura, don ita ce ke cin lokaci. Sikana na gano ƙura da hasken infrared, kyamara ba ta da wannan. Sai dai dabarar ba ta aiki sosai a kan Kodachrome ma, don haka a kan Kodachrome ɗinka ba ka yi wata babbar asara ba. Famfon roba mai hura iska da burushi mai laushi sun wadatar, fuska biyu, daf da ɗauka. Kada a hura da baki, kada a sa ruwa. Inda ka ga zare-zare kamar saƙar gizo, fumfuna ce ta ci fatar fim, gogewa ba ta dawo da abin da ta ci. Ware irin waɗannan kada su shafi sauran.

Mai tambaya:

Na gode, Allah ya saka. Saura biyu: wace fuska ce ke kallon kyamara? Kuma wasu Ektachrome sun yi jajur, laifin fitila ne?

Amsa ta 2:

Fuska mai sheƙi ta kalli kyamara, rubutu zai karantu daidai. Wasu na juyo da marar sheƙin, inda hoton yake, su juya a kwamfuta, amma bambancin kaɗan ne. Abin lura shi ne fim na lanƙwasa a cikin firam ɗin kwali, wani ya kumbura ya fi wani, don haka duba fokas a kowane silaid. Idan tsakiya da gefe suka ƙi haɗuwa, saita a kan wuri tsakanin tsakiya da gefe, a f/8.

Jan ba daga fitila yake ba. Rinin fim uku ne, kuma a tsohon Ektachrome rinin shuɗi-kore ne ke rigan sauran koɗewa, sai ja ya rinjaya. Kodachrome da aka ajiye a duhu yana riƙe launinsa shekaru da dama, hasken majigi ne ke cinye shi, kuma a kyamara yakan ɗan karkata zuwa shuɗi. Saita fari kawai ba zai gyara jan ba. A manhajar darktable ko RawTherapee, duka kyauta ne, buɗe layin ja, kore da shuɗi ɗaya bayan ɗaya, ka jawo iyakar baƙi da ta fari ta kowanne zuwa inda bayanan hoton suka fara. Ka fitar da hoton a fayil ɗin TIFF mai bit 16, ka ajiye RAW ɗin daban, ka sa wa kowane fayil lambar da ke jikin firam ɗinsa.