A Ina Kuka Tsaya Sa'ad da Kuka Fara Karanta Littafi Mai Tsarki?

Sabuwar Mai Bi:

'Yan'uwa cikin Almasihu, ina gaishe ku. Wata takwas ke nan da yi mini baftisma, kuma tun daga ranar na ƙudura a raina cewa zan karanta Littafi Mai Tsarki daga farko har ƙarshe, domin ba na so bangaskiyata ta dogara ga abin da nake ji a wa'azin ranar Lahadi kaɗai. Littafin Farawa ya tafi mini lami lafiya, Fitowa ma na bi shi da marmari har zuwa inda aka shiga bayanin alfarwa ta sujada da awon katakanta da labulenta, a nan ne ƙafata ta fara nauyi. Da na shiga Littafin Firistoci kuwa, na daure na karanta surori bakwai na farko, waɗanda dukansu a kan hadayu suke, sai na rufe littafin, kuma yau mako shida ke nan ban sake buɗe shi ba. Kunya ta hana ni faɗa wa fastonmu. Abin da nake roƙo shi ne waɗanda suka riga ni a wannan hanya su ba ni labarin abin da ya faru da su da kansu: yadda suka fara, inda suka tsaya, da abin da ya sa suka ci gaba.

Malamar Makarantar Lahadi:

'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, domin ramin da kika faɗa mu da yawa mun kwana a cikinsa. Sau uku ina fara karatu a watan Janairu, sau uku ina tsayawa kafin ƙarshen Fabrairu, sau biyu a Firistoci, sau ɗaya a Littafin Ƙidaya. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne a lokacin har na fara koyar da yara, ina ba su labarin Nuhu da Yusufu da Daniyel, alhali da wani yaro ya tambaye ni wanda ya riga wani tsakanin Dawuda da Musa, sai da na yi jim kafin na ba shi amsa.

Wata dattijuwa da muke nazari tare ce ta warware mini matsalar. Ta ce kuskurena shi ne na ɗauki Littafi Mai Tsarki kamar littafi guda wanda mutum ɗaya ya rubuta a jere, alhali kuwa ɗakin littattafai ne a cikin bango ɗaya: littattafai 66, wato 39 a Tsohon Alkawari da 27 a Sabon Alkawari, waɗanda aka harhaɗa bisa ga irinsu, shari'a a gefe guda, tarihi a gefe guda, waƙoƙi da hikima, annabci, Bishara da wasiƙu. Wanda ya shiga ɗakin littattafai ba dole ba ne ya fara da kantar da ke bakin ƙofa. Ta ce in fara da Markus, wanda shi ne mafi gajarta a cikin Bishara huɗu, sura 16 kacal, kuma in karanta shi kamar labari, kada in tsaya ina tauna kowace aya. A zama biyu na gama shi. Daga nan na ɗauki Luka, na zarce da Ayyukan Manzanni, tun da yake marubucinsu ɗaya ne, kuma dukansu ga mutum ɗaya mai suna Tiyofalas aka rubuta su, har na biyun yana ɗaukar labarin daga inda na farkon ya ajiye.

Shi kuwa Firistoci, wasiƙar Ibraniyawa ce ta buɗe mini shi. Na karanta sura ta 9 da ta 10 na Ibraniyawa, inda aka yi maganar babban firist da ke shiga Wuri Mafi Tsarki sau ɗaya a shekara da jinin da ba nasa ba, sannan na koma Firistoci 16 na karanta tsarin Ranar Kafara, da bunsuru biyu, ɗaya a yanka, ɗaya a ɗora masa zunuban jama'a a kore shi zuwa jeji. A ranar na gane cewa kalmomin da nake rerawa a waƙa kowane mako, irin su hadaya da kafara da jinin Ɗan Rago, duka a wannan littafin da na tsana ma'anarsu take. Ba zan ce miki yanzu ya zama littafin da na fi so ba, amma ya daina zama mini katanga.

Dattijon Ikilisiya:

'Yata, tawa matsalar ta bambanta da taki, kuma a ganina ta fi taki haɗari, domin ke kin san kin tsaya, ni kuwa na yi shekaru fiye da ashirin ina zaton tafiya nake yi. Na haddace ayoyi masu yawa tun ina saurayi, ina jawo su cikin addu'a da cikin gardama, mutane suna yaba mini da sanin Nassi, alhali ban taɓa karanta littafin annabi ko ɗaya daga farkonsa zuwa ƙarshensa ba.

Sa'ad da na rasa aikina, na riƙe Irmiya 29:11, inda Ubangiji ya ce ya san shirin da yake da shi domin jama'arsa, shiri na alheri ba na masifa ba. Na ɗauka cewa alkawari ne na samun wani aiki cikin 'yan makonni. Da watanni suka shuɗe ba labari, raina ya ɓaci, har na fara zargin Allah a zuciyata. Wani dare na zauna na karanta surar gaba ɗaya, abin da ban taɓa yi ba. Sai na tarar wasiƙa ce da Irmiya ya aika daga Urushalima zuwa ga waɗanda Nebukadnezzar ya kwashe zuwa Babila, yana gaya musu su gina gidaje, su dasa itatuwa, su yi aure su aurar da 'ya'yansu, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su bauta. Ayar da ta riga tawa, wato ta 10, ta ce sai shekara saba'in sun cika. A sura ta 28 kuma akwai wani annabi mai suna Hananiya wanda ya yi musu albishir cewa cikin shekara biyu komai zai wuce, shi ne kuma aka bayyana a matsayin maƙaryaci. Na ga cewa ayar Irmiya nake karantawa da zuciyar Hananiya. Da farko na ji kamar an ƙwace mini wani abu, amma daga baya surar ta riƙe ni fiye da yadda ayar ita kaɗai ta taɓa riƙe ni, domin ta nuna mini abin da zan yi da ranakun jira.

Bayan haka ne na sami labarin cewa marubutan ba su sa lambobin sura da na aya ba. Rabon surori da muke amfani da shi ana danganta shi da Stephen Langton, wanda ya zama Akbishop na Kantabari da ke Ingila a farkon ƙarni na 13, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuma wani mai buga littattafai ne, Robert Estienne, ya sa su a 1551. An yi su ne domin sauƙin nema. Tun daga lokacin, duk ayar da aka jawo mini, sai na karanta abin da ke gabanta da abin da ke bayanta kafin in ce amin.

Mai Karatun Asuba:

Da girmamawa ga Mama malamar yara, ni ban yarda cewa farawa daga Farawa kuskure ne ba, domin haka na yi kuma ya yi mini amfani. Surorin duka 1,189 ne, wanda ya karanta uku zuwa huɗu kowace rana zai gama cikin shekara. Ni wata goma sha biyar na ɗauka saboda fashin da na riƙa yi. Dabarata ita ce ban tilasta wa kaina fahimtar komai a zagaye na farko ba. Inda ya yi mini duhu sai in sa alamar tambaya da fensir in wuce, in kuma haɗa da Zabura ɗaya kowace safiya domin raina ya sami abin riƙewa. A zagaye na biyu na goge fiye da rabin alamomin, domin littattafan gaba sun amsa tambayoyin na baya. Abin da zan yarda da shi shi ne ba kowa ne hanyar ta dace da shi ba, kuma wanda ya riga ya yi mako shida littafinsa a rufe, gara ya sake ƙofa da ya zauna a waje.

Ɗalibin Tauhidi:

Ni annabawa ne suka kayar da ni. Ina karanta Amos ko Yusha'u ko Haggai, ina jin faɗa da gargaɗi, amma ban san wa ake yi wa faɗan ba, ko a kan me. Wani malaminmu ya sa kowannenmu ya ɗauki takarda guda ya ja layi, ya rubuta abubuwa kaɗan a kai: mulkin Dawuda da Sulemanu, rabuwar mulkin gida biyu bayan mutuwar Sulemanu, Isra'ila a arewa da Yahuza a kudu, faɗuwar Samariya a hannun Assuriyawa a 722 kafin haihuwar Almasihu, rushewar Urushalima da Haikali a hannun Babiloniyawa wajen 586, da izinin komawa gida da Sairus Sarkin Farisa ya bayar a 538. Daga nan ya ce mu duba ayar farko ta kowane annabi, domin da yawansu sun ambaci sarkin da suka yi annabci a zamaninsa. Amos ya faɗo a zamanin Yerobowam na biyu, lokacin da arewa ke cikin wadata masu hali suna danne matalauta, faɗuwarta kuma tana tafe. Haggai ya faɗo a shekara ta biyu ta sarautar Dariyus, wato 520, yana tsawata wa waɗanda suka dawo suka ƙawata gidajensu suka bar Haikali kufai. Takardar nan har yau tana cikin Littafina, ta tsufa ta yage a ninki, amma ta amfane ni fiye da manyan littattafan sharhi da na saya daga baya. Haka kuma wasiƙun Bulus ba bisa ga lokacin rubuta su aka jera su ba, kusan bisa ga tsawonsu ne, shi ya sa Romawa ke gaba, Filimon ke ƙarshe.

'Yar Katolika:

Ƙaramin gyara kawai, kada sabuwar 'yar'uwarmu ta ruɗe in ta ga Littafin wani ya fi nata kauri: namu littattafai 73 ne, domin Tsohon Alkawarinmu yana da 46, amma Sabon Alkawari 27 ne a wurinmu duka. Ni na girma ina jin karatu a coci kowace Lahadi ba tare da na san daga ina aka yanko shi ba. Da na gane cewa karatun Bishara yana zagayawa ne cikin shekara uku, shekarar Matiyu, ta Markus da ta Luka, sai na fara karanta dukan surar a daren Asabar. Wannan ɗan canjin ne ya sa wa'azi ya fara zama a kaina.

Wanda Ya Fara da Wahayi:

Ni da littafin ƙarshe na fara, saboda faya-fayan bidiyo da nake kallo a waya a kan ƙarshen duniya. Na yi watanni cikin tsoro, ina lissafin lambobi da ƙahoni, ina ganin alamar dabbar da Wahayi ya ambata a cikin kowane labari da na ji. Wani ɗan'uwa ya jawo ni cikin ƙungiyar nazari ta mutum biyar, inda muke karanta sashe ɗaya da murya, mu tambayi kanmu abin da ya ce, ga su wa aka faɗa, sannan me yake nema daga gare mu, a kan wannan jeri ba a tsallake ba. A can na ga cewa Wahayi ya buɗe ne da saƙonni zuwa ga ikilisiyoyi bakwai na gaske a lardin Asiya, wato yammacin Turkiyya ta yau, irin su Afisa da Simirna da Lawudikiya, kuma da yawa daga cikin siffofinsa daga Daniyel da Ezekiyel da Zakariya aka ɗauko su, littattafan da ban taɓa buɗewa ba. Labarin da ya fi ƙarfafa ni shi ne na ma'ajin sarauniyar Habasha a Ayyukan Manzanni 8, babban mutum mai ilimi, yana karanta Ishaya a cikin karusarsa, amma bai ji kunyar gaya wa Filibus cewa ba zai gane ba sai an bayyana masa. 'Yar'uwa, ki faɗa wa fastonku, ba ke ce ta farko da za ta kawo masa wannan magana ba.

Sabuwar Mai Bi:

Na gode muku ƙwarai, iyayena da 'yan'uwana. Na bi shawarar Mama, na buɗe Markus a daren jiya, kuma ban gama sura ta farko ba sai ga Yesu ya warkar da kuturu, ya ce masa ya je ya nuna kansa ga firist, ya miƙa abin da Musa ya umarta. Ƙaramin rubutun da ke gefen shafin ya mai da ni Firistoci 14, littafin da na gudu daga gare shi. Na koma na karanta: tsuntsaye biyu masu rai, a yanka ɗaya, a tsoma ɗayan a cikin jinin, a yayyafa wa mutumin sau bakwai, sannan a saki mai ran ya tashi a fili. Na daɗe a kan wannan wurin. Yanzu ina sura ta 8 ta Markus, na kuma yi alamar tambaya da fensir a wurare da dama inda Yesu yake warkar da mutum sannan ya hana shi faɗa wa kowa. Wannan tambayar ce zan fara kai wa fasto ranar Lahadi, in Ubangiji ya kai mu.