Bishiyar fayin ɗina tana bushewa a Bauchi, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu harkar shuke-shuke. Na sayo 'yan dashen bishiyar fayin na ado daga Jos, irin gajerun nan masu ganye kamar allura, na jera su a ƙofar gidana nan Bauchi. Da damina sun yi shar, har maƙwabta na tsayawa kallo.

Tun da zafin Maris ya kankama, ganyen ya fara jaja daga baki, yana zuba a gindi, wasu rassan ƙasa sun bushe ƙayau. Ina ba su ruwan burtsatse safe da yamma, na tona gefen saiwa ban ga gara ba. Mai lambun ya ce rana ce kawai. Ni dai ban gamsu ba, tunda na cikin inuwar katanga ma haka suke.

Na san fayin yana rayuwa ne da wani naman gwari da ke manne da saiwarsa, yana taimaka masa shan abinci. Ko ƙasarmu ce ba ta da shi? Idan na ɗebo ƙasa daga gindin tsohon fayin a Jos na zuba, za ta yi amfani? Ko ruwan ne ya yi yawa? Wanda ya taɓa raya shi a Bauchi ko Gombe, don Allah ya taimaka.