Ku ba ni dabarar ciro hoto mai kyau daga maimaicin wasa

Auwalu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya da daddare na ci wata ƙwallo a gem ɗin FC 24 da har yanzu nake ganinta in na rufe ido. Minti na 89 ana biyu da biyu, aka bugo kwana, ɗan wasana ya yi alkafura ya doka ta ta saman kansa. Na ɗaga waya na ɗauki talabijin ɗin, sai hoton ya fito da layi-layi, ga hasken fitilar ɗakin zaune a tsakiyar fili. Ku da kuke sa masu kyau a sitatus, yaya kuke yi?

Nura: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka daina ɗaukar allo da waya, na'urar da kanta tana ɗauka. A PS4 ka danne maɓallin Share na ɗan lokaci, za ka ga alama a kusurwa, hoto ya shiga ke nan. A PS5 sunansa Create. Ka shiga saiti ka mayar da nau'in hoton PNG maimakon JPEG, ya fi nauyi amma ciyawa da lambar riga ba sa dagulewa. Ni a shagona duk wanda ya zo da filashi ina kwafe masa kyauta.

Auwalu: Yaya Nura, ta jiyan fa? Za a same ta?

Nura: In ba a adana ba a lokacin, ta tafi, sai haƙuri. PS4 tana riƙe da bidiyon minti 15 na ƙarshe ne kawai, sai in an ƙara mata zuwa awa ɗaya, kuma dole ka danna ka ce ta ajiye kafin a kashe ko a ɗauke wuta. Da na ji ihu a shago nake ce wa yara su adana tukuna, murna ta biyo baya.

Sadiq: Maɓalli ba shi ne wahalar ba, inda ka ajiye kyamara shi ne komai. Ka tsayar da wasa, ka shiga maimaici, ka bar kyamarar nesa da ake buga wasa da ita. Sauko da ita ƙasa har ta kusa taɓa ciyawa, ka kalli ɗan wasan daga ƙasa zuwa sama. Ka lura da masu ɗaukar hoto a filin gaske, a zaune suke bayan raga, shi ya sa ɗan wasa yake fitowa kamar zai taɓa fitilun sama. Sannan ka riƙa matsar da maimaicin kaɗan-kaɗan. Akwai wata da na yi kusan minti goma a kanta: na ga lokacin da ƙwallo ta bar ƙafa, na ga lokacin da ta shiga raga, amma wanda na ɗauka shi ne na tsakiya, yatsun gola a miƙe, tsakaninsu da ƙwallo bai kai taƙi ɗaya ba, mai tsaron baya ya juyo baki buɗe. Duk wanda ya gani sai ya tambaye ni ko ta shiga. Kuma ka ɓoye rubutun maɓallan da ke ƙasan allo kafin ka ɗauka.

Mubarak: Mu na waya fa? Ni eFootball nake yi.

Sadiq: Kunna ɗaukar bidiyon allo kafin a nuna maimaicin ƙwallon, daga Android 11 zuwa sama yana cikin wayar. Daga baya ka buɗe a CapCut, manhajar gyaran bidiyo, ka ja a hankali har ka tsaya inda kake so. Ka ɗaga ingancin hoton wasan tun farko, ko da wayar za ta ɗan yi zafi.

Khalifa: Ni ɓangaren barkwanci na fi ƙauna. Wanda ya ci ƙwallo ba ya ba da dariya, ka nemi wanda aka ci. Gola a kwance ya rufe fuska, ko ɗan baya ya zame ya wuce shi kaɗai. Ka yanke hoton ya rage shi kawai, ka sa farin rubutu mai baƙin gefe, kalma uku ko huɗu. Na sa "Sannu da ƙoƙari" a kan wani gola, yau wata biyu ana tura shi a zauren ajinmu. In sitika kake so, murabba'i WhatsApp take karɓa, pixel 512 ta kowane gefe, manhajar Sticker.ly za ta yanka maka.

Ummi: Khalifa ka manta da haruffanmu. Wasu salon rubutun ba su da ƙ, ɗ da ɓ, sai su fito da ɗan akwati. Na taɓa rubuta "ƙwallo ta ƙi" duk ya lalace. Ku sa Hausa a kibod ɗin Gboard, ku zaɓi salon rubutun Noto Sans in akwai, ku duba kafin ku tura. Kuma don Allah a tsaya kan 'yan wasan cikin gem. Wani a unguwarmu ya ɗora fuskar abokinsa a jikin gola ba da saninsa ba, hoton ya kai zauren danginsu, har yanzu ba su koma kamar da ba.

Nura: Gaskiya ne ƙanwata, ni ma na hana a shagona. Mai neman aikin kyamara sosai kuma ya gwada Rockstar Editor, wurin shirya bidiyo na gem ɗin GTA V, tun 2015 yake, sai dai an cire shi daga PS4 a 2024. Kana iya dushe bayan hoto, ka sauya launi, ka kafa kyamara inda ka ga dama. Can na koyi hannu kafin in dawo kan ƙwallo.

Mubarak: In za ku turo nan, ku turo a matsayin fayil ko ku danna HD, in ba haka ba WhatsApp za ta matse shi.

Auwalu: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Yaya Nura, gobe zan zo da filashi, ni da wanda na ci jiya, ya ce sai ya rama.

Nura: Ku zo bayan La'asar kafin 'yan makaranta su cika wurin. Zan mayar muku da ajiyar bidiyon na'ura ta biyu awa ɗaya. Filashin ya zama FAT32 ko exFAT, in ba haka ba ba za ta gan shi ba.