Na yi wa yara alkawarin Tello, ga shi marka ta kama

Maman Inna, Garwa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a ba ni shawara, kaina ya ɗaure. 'Yata ta fari ta ci BEPC, jarrabawar gama ƙaramar sakandare a nan Kamaru, bana. Bara ta faɗi, 'yar kishiyata ta ci, kuma guɗar da aka rangaɗa a tsakar gidanmu ran nan har yau tana kunnena. Yarinyar nan ta yi wata guda ko ƙofar gida ba ta leƙawa. Shi ne na ce mata in ta dage ta ci, zan kai ta Ngaundere da ƙannenta su ga magangarar ruwan Tello, wadda malaminsu ya taɓa nuna musu a hoto. Tun Janairu nake zubin adashe saboda wannan. Yanzu na kwashi adashen, sai uwar mijina ta ce ba da jikokinta ba, wai ruwan da ke faɗowa daga kan dutse ba ya rasa masu shi. Maigida ya ce "yadda kuka gani", kun dai san fassarar wannan. Ina so mu je ran Asabar mu dawo a ranar, don farkon Satumba za a koma makaranta. Zai yiwu?

Alhaji tsohon direba: Wa alaikumus salam. A ranar? Hajiya, a kan hanyar nan furfura ta fito mini. Garwa zuwa Ngaundere kusan kilomita 280 ne, ga hawan dutsen nan da ake kira falez bayan garin Mbe, inda manyan motoci ke rarrafe kamar kunkuru. In kin isa gari saura wajen kilomita 50 zuwa Tello, kuma jar ƙasa ce. A watan Agusta jar ƙasar Adamawa sabulu take komawa. Ki kwana biyu a can ko ki haƙura.

Goggon 'yan biyu: Ku nawa ne? Wace mota? Ƙaramin cikinsu shekararsa nawa? Kin cika mu da labarin kishiya, abin da ake bukata ba ki faɗa ba.

Maman Inna, Garwa: Goggo ba labarin kishiya na kawo ba, dalili na faɗa. Maganar mota ba matsala ba ce.

Ɗan Ngaundere: Anti, ni dai na ce ki zo yanzu. Da damina ne Tello yake Tello. Ruwan daga sama yake sakkowa wajen mita 45, akwai wani kogo a bayansa da mutum zai shiga ya tsaya yana kallon ruwan ta ciki kamar labule. In kika bari sai Maris, ƙarfinsa ya ragu sosai. A sa wa yara takalmi mai kama ƙasa kawai, ban da silifa, a riƙo musu rigar sanyi, garinmu ba Garwa ba ne.

Alhaji tsohon direba: Yaro, kai ƙafarka ka sani. Gangarawa ƙasan nan dutse ne mai gansakuka, feshin ruwa ba ya barinsa ya bushe. Kuma kogi yakan ƙaru kana tsaye cikin rana, don an yi ruwa can sama ba ka sani ba. Nuwamba ko hutun Disamba, hanya ta bushe, ruwa bai ƙare ba. Wannan ita ce magana.

Malama a Marwa: Ni abin da ya ƙona mini rai da irin wannan tafiyar mutane ne, ba dutse ba. Mun taɓa haɗa kuɗi mu malamai, muka ɗauki mota guda, ranar tafiya mutum uku suka zo da 'ya'yansu da ba a lissafa ba, kuɗin mai kuma ya dawo kaina. Har yau akwai mai riƙe mini jaka biyar, muna gaisawa kamar ba komai.

Goggon 'yan biyu: Malama ki yafe kawai, ba za ta fito ba.

Ɗan Ngaundere: In Tello ya yi nisa ga magangarar ruwan Vina nan, kilomita 15 ne kacal daga gari ta hanyar Meiganga, a haɗa da tafkin Tison, a dawo kafin la'asar.

Wani ɗan'uwa daga Gidar: Me ya kai ku Adamawa? Ga kwazazzabon Kola kusa da mu, kilomita 100 da 'yan kai daga Garwa, ku je ku dawo ku yi magariba a gida.

Alhaji tsohon direba: Kola da damina? Kogin Mayo Luti ya cika shi, me za su shiga su gani? Wurin rani ne. Don Allah wanda bai sani ba ya daina jefa baiwar Allah cikin ruwa. Ni ma tsohuwar nan da ake ganin ta cika camfi ina bayanta. Ko aljani ko santsi, yaro ɗaya ne zai zame.

Maman Inna, Garwa: Baba Alhaji na gode, amma Disamba ba zai yi ba, kuɗin adashe ba ya kai Disamba a gidan da ke da buƙatu. Kuma Tello na ce mata, ban ce Vina ba. Yarinyar da ta yi shekara tana tashi da asuba tana karatu, in canja mata magana? Har ɗinki na yi musu iri ɗaya. Zancen kwana kuma, ina da ƙawa a unguwar Baladji da ke Ngaundere, sai dai mun jima ba mu yi waya ba.

Goggon 'yan biyu: To uwar mijin fa? Ita ce ba ki ce komai a kanta ba.

Maman Inna, Garwa: Ran Alhamis za ta tafi biki Pitowa, sai Litinin za ta dawo.

Alhaji tsohon direba: Hmm. Allah ya kyauta.

Malama a Marwa: In akwai wuri a motar ki yi mini magana, ni da yara biyu ne kawai.